Tambayoyi da amsoshi: yadda ake samun takardar sauke helikwafta a kan tsauni

Tun ranar da wani ƙanina ya turo min bidiyon wani jan helikwafta da ya ɗora ƙafa ɗaya kan tsinin dutse a Suwizalan, mutum biyu suka diro farfela na ta juyawa, yace "yaya kaima kana iya wannan kuwa?", nake shan tambayoyi kusan iri ɗaya daga samari masu sha'awar tuƙin jirgi. Na gaji da maimaita amsa ɗaya a waya, shi yasa na tattaro su wuri guda. Wasu amsoshin dogaye ne, ayi haƙuri, abun ne ba ya taƙaituwa.

Wai ba duk matuƙin helikwafta ne ke iya sauka ko'ina ba? Ai shi yasa ake ce masa jirgi mai saukar ungulu.

Sunan nan shi ke ruɗar mutane. Ungulu ko a kan bishiya ko a kan dutse fikafikanta ɗaya ne, ba ta ɗauke da fasinja huɗu da tankin mai. Helikwafta kuwa iska yake tunkuɗawa ƙasa da farfelarsa sannan ya tsaya a sama, kuma duk hawan da kayi iskar sai ƙara sirancewa take. A tsayin mita 6,500 kaurin iska kusan rabin na bakin teku ne. Kaga kenan farfela na juyawa amma abinda take kamawa ya ragu, inji ma numfashinsa ya ragu, ƙaramar farfelar wutsiya da ke hana jirgin juyawa kamar katantanwa itama ƙarfinta ya ragu, duk a lokaci ɗaya. Sannan ga iska da ke karo da dutse tana sauya hanya ba sallama, ga wurin saukar ba shimfiɗaɗɗe ba, babu alama, babu mai gaya maka komai a rediyo. Mutum zai iya yin awa dubu biyu yana kai ma'aikatan mai kan teku, a kai shi tsauni ya koma ɗan koyo, kuma ba abin kunya bane.

To akwai wata takarda ce ta musamman da ake bayarwa?

Ya danganta da ƙasar. Inda abun ya fi tsari a rubuce shine Suwizalan. Can doka ta ɗauki duk saukar da ta wuce tsayin mita 1,100 daga teku a matsayin saukar tsauni, kuma sai kana da ƙarin izini a kan lasisinka, wanda suke rubutawa MOU(H), hukumar sufurin jiragen sama ta ƙasar ce ke bayarwa. Wannan izinin nasu ne na gida. Dokar EASA, hukumar jiragen sama ta tarayyar Turai, tana da izinin tsauni, amma na ƙananan jirage masu fikafikai ne, masu taya ko masu takalmin sulu kan ƙanƙara, ba ta haɗa da helikwafta ba.

A Amurka babu wani izinin tsauni a kan lasisi sam. Ana gwada ka saukar kan tsini da saukar matsattsen wuri a jarrabawar lasisi, shikenan, sauran kuma tsakaninka da kamfanin da zai ɗauke ka da kamfanin inshora. Amma sojojinsu ba su yarda da hakan ba, suna da makaranta guda a Gypsum ta jihar Kolorado mai suna HAATS, tun 1985 ake kai matuƙan soja can suyi kwas ɗin mako guda, kuma kusan abu ɗaya ake nanata musu daga Litinin zuwa Juma'a: lissafin ƙarfin inji. Kanada ma ba a buga shi a lasisi, sai dai makarantar Penticton a lardin British Columbia tun farkon shekarun 1950 take koyar da tuƙin tsauni, gadon wani mutum ne Carl Agar wanda ya fara ƙwaƙulo dabarun da ɗan ƙaramin Bell 47, lokacin da injin jirgi bai da wani ƙarfin kirki, dole sai da dabara. Masu bada kwangila a can da yawa sai sun ga shaidar kayi irin wannan kwas ɗin kafin su bari ka ɗauki ma'aikatansu.

Na Suwizalan ɗin yaya yake?

Karatu a aji, sannan sauka, sauka, sauka har ka gaji. Ana neman sauka 200 a tsauni tare da malami kafin a kai ka jarrabawa. Ana farawa da kai a ƙasa ƙasa tsakanin mita 1,100 zuwa 2,000, inda akwai ciyawa da bishiyoyi da za su nuna maka iska, daga nan a haura da kai sama da 2,000, daga baya sama da 2,700 inda babu komai sai dutse da farar ƙanƙara. Kuma ba wuri ɗaya za ka yi ta maimaitawa ba har ka haddace shi, ana yawo da kai wurare daban daban.

Ƙasar na da wuraren saukar tsauni guda 40 da gwamnati ta amince da su, irin su Petersgrat da Ebnefluh da Kanderfirn da kan ƙanƙarar Theodul kusa da Zermatt, akwai na Monte Rosa da ya haura mita 4,000. Kar ka ji an ce "wurin sauka" ka zata fili ne da siminti da harafin H, a'a, suna ne a taswira, in kaje ƙanƙara ce kawai shimfiɗe kuma yadda ka barta jiya ba haka za ka same ta yau ba. Masu kare muhalli sun daɗe suna rigima kan wuraren nan saboda ƙarar jirage da kai masu kuɗi wasan sulu, maƙwabciyarsu Faransa ma tun dokar tsauni ta 1985 ta hana sauke 'yan yawon shaƙatawa da jirgi kan duwatsunta. Jiragen ceto da masu kai kayan aiki su dokarsu daban ce.

Me zan mallaka kafin in fara?

Lasisin helikwafta tukuna. Na kai da kai, a tsarin Turai awa 45 ne mafi ƙaranci, a Amurka awa 40, duk da da wuya kaga wanda ya gama a daidai wannan adadin. Na kasuwanci, wanda za a biya ka albashi da shi, Amurka awa 150, Turai awa 185 in ka bi hanyar daki daki ko 135 in kayi kwas ɗin haɗe. Shekara 17 na farkon, 18 na biyun. Sai gwajin lafiya, aji na ɗaya ga mai neman na kasuwanci a tsarin Turai, da Turancin rediyo mataki na 4 na ICAO, hukumar jiragen sama ta duniya. In lasisinka na wata ƙasa ne, misali wanda NCAA, hukumar jiragen sama ta Najeriya, ta bayar, kuma kana son a buga maka izinin Suwizalan a kai, to sai ka fara mallakar lasisin da suke aiki da shi. Amma kana iya zuwa kayi horon tsauni da malami a gefenka, a rubuta maka a littafin awoyinka, a baka shaidar makaranta, kuma ga yawancin mutanenmu wannan shi ne abin da ya fi amfani.

Shawarata, kar ka zo da awa hamsin. Lokacin hannunka bai gama zama ba, rabin hankalinka na kan riƙe jirgin, ina za ka samu sauran da za ka karanta dutse? Kuɗinka kawai za ka ƙona.

Kullum kana cewa lissafin ƙarfi, lissafin ƙarfi. Wane irin lissafi ne?

Yauwa, nan ne gizo ke saƙa. Jirgi bai san tsayin da ke rubuce a taswira ba, tsayin da yake ji a jikinsa kawai ya sani, kuma zafi na ƙara wannan tsayin. Ma'aunin da aka yarda da shi shine digiri 15 a bakin teku, yana raguwa kusan digiri 2 duk ƙafa 1,000. Duk digiri ɗaya da zafin ranar ya ɗara wannan ma'aunin, sai ka ƙara ƙafa 120.

Bari mu gwada da gida. Filin jirgin Jos na kan kusan ƙafa 4,200. A ma'auni ya kamata zafin wurin ya zama digiri 7 haka, to a ce yau 32 ne, bambanci 25, sau 120, ƙafa 3,000 kenan. Jirginka ji yake yana kan ƙafa 7,200, wato kusan mita 2,200. Kano ma da take ƙafa 1,500 da 'yan kai, ranar da aka buga digiri 42 a watan Afrilu jirgi ji yake ya haura ƙafa 5,000. Kaga mutum na tsaye a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa amma injinsa na kan dutse.

Daga nan sai ka buɗe littafin jirgin. Akwai jadawali biyu, ɗaya na tsayuwa cak kusa da ƙasa, ɗaya na tsayuwa cak nesa da ƙasa. Kusa da ƙasa iskar da farfela ke turawa tana bugun ƙasa ta zame maka kamar matashi, sai aikin inji ya ragu. A kan tsini kuwa wannan matashin babu shi, iskar zubewa take ta gefe da gefe zuwa kwari. Don haka da jadawali na biyu ake lissafi. Ka duba tsayi, ka duba zafi, ya baka nauyin da jirgin zai iya riƙewa, in nauyinka ya fi haka to wani abu zai sauka, ko mutum ko kaya ko mai. Lita 100 ta man jirgi kusan kilo 80 ce, ƙato guda kenan. Shi yasa a Nefal zakaga jirgi ya ɗebo mutum biyu ko uku daga wajen sansanin Eberest ya ajiye su ƙasa a ƙauyen Pheriche, ya koma ya kwaso sauran, sannan ya haɗa su gaba ɗaya ya wuce filin jirgin Lukla. Fasinja na ganin ɓata lokaci ne, matuƙi kuma jadawali yake bi.

Kuma takarda ba ta isa ba. Kafin ka sauka sai ka gwada a iska: ka rage gudu daidai tsayin wurin, ka ga inda allurar ƙarfi ta tsaya, ka ga nawa ya rage kafin jan layi. Malamai na son ka faɗi lambar da bakinka tun kafin allura ta nuna. In kace zan buƙaci kashi 85 allura ta nuna 92, to akwai abin da baka gane ba, ko iska ce ta bayanka ko kana cikin iskar da ke gangarowa, sai ka fasa ka sake dubawa.

Ita iskar ta yaya ake gane ta, tunda ba tuta ba hayaƙi?

Ka ɗauke ta kamar ruwan kogi da ke karo da dutse. Gefen da take bugowa hawa take, santsi, tana ɗaga ka kyauta. Da ta tsallake doron sai ta karye ta faɗa ɗaya gefen tana birgima tana dannawa ƙasa. Tsakanin mai santsin da mai birgimar akwai wani layi da ido ba ya gani, duk ƙarfin iskar sai layin ya ƙara miƙewa tsaye, kuma aikinka ka shigo ta samansa ko ta gefensa, kar ka bari ka faɗa ƙarƙashinsa kana tafiya a hankali. Akwai inda iskar ke dannawa ƙasa fiye da yadda jirginka zai iya hawa, ko ka ja liba, wato hannun da ake ɗagawa a ƙara ƙarfin hawa, har ƙarshe.

Alamomi kuwa sai ka zama mafarauci. Ƙanƙarar da iska ke kwashewa daga doron dutse kamar hayaƙi. Inuwar gajimare da ke gudu a ƙasa. Fuskar tafki, gefen da ya kwanta luf daga nan iskar ke tahowa. Ganye ya juya farin bayansa. Tsuntsaye ma, baka taɓa ganin tsuntsu ya sauka iska na bayansa ba. In duk babu, sai ka zagaya dutsen a tsayi ɗaya da gudu ɗaya kana kallon allura: inda jirgin ke son hawa da kansa nan iska ke tasowa, inda ya nemi ƙarin ƙarfi nan take gangarawa. Sannan kwari na da al'adarsa, da rana iska na haurawa sama, da dare ta gangaro, sai dai kar ka rantse da hakan. Kuma ba a tsallake doron dutse kai tsaye, a karkace ake zuwa masa kamar digiri 45, don in ya danne ka juyawa kaɗan ce za ta mayar da kai kwari.

Ka bamu labarin sauka guda ɗaya daga farko har ƙarshe mana.

Toh bari in baku wadda na sha kunya. Rana ta huɗu ce ko ta biyar, malamina wani dattijo ne mara yawan magana, irin mutanen nan da in ka yi daidai sai dai suce "hm". Ya nuna min wani doro da haɓarsa yace can. Na zagaya sama na duba girman wurin, karkatarsa, inda rana take, inda zan gudu in abu ya ɓaci. Na sauko na wuce ta gefensa a hankali na karanta tsayinsa a agogo, na gwada ƙarfi, ya rage min kaɗan amma ya isa. Nace masa iska daga hagu take, zan shigo ta nan, in ya ƙi zan karya dama in faɗa kwari. Yace hm.

Na juyo na kama hanya. Abin da ke faruwa a sama shine agogon gudu na nuna maka lamba ɗaya amma ƙasa na wucewa da sauri fiye da yadda ka saba, kusan kashi 2 cikin ɗari a duk ƙafa 1,000, kuma babu layin sararin sama da za ka daidaita hancin jirgi da shi, duwatsu ne ta ko'ina a karkace. Ni dai naga dutse na taho min, sai na ja sandar tuƙi baya da wuri, gudu ya mutu tun ina nesa da wurin. Helikwafta in yana tafiya kamar kilomita 30 zuwa 45 a awa farfela na samun sabuwar iska, yana samun ɗagawa ta kyauta, da ka sauka ƙasa da haka sai kyautar ta ƙare, jirgin ya ɗan girgiza ya nemi zama. Ni kuma a lokacin saura tafiya, ƙarƙashina rami ne. Na ja liba, allura ta tafi jan layi, ƙafata ta kusa ƙure fedar farfelar wutsiya, doron da ya kamata in gan shi a ƙasan gilashi sai gashi yana hawa sama. Ban ce komai ba, wai ni a dole sai na ƙarasa. Sai naji malam yace "sakar min", ya karɓi tuƙin, ya kwantar da jirgin dama muka zube cikin kwari kamar an sako guga a rijiya, gudu ya dawo, komai ya lafa.

Bai yi faɗa ba. Sai da muka daidaita yace, kai ka faɗi hanyar gudu da bakinka, me ya hana ka bin ta? Wallahi har yau ina jin tambayar nan. Muka koma na sake, wannan karon na ɗora ƙarfin tun da wuri a hankali, na riƙe ɗan gudu har bakin wurin, gudu da tsayi suka ƙare tare daidai kan doron. Ƙafafu suka taɓa, ban sauke liba duka ba sai da na ɗan motsa naji ƙasa ta riƙe. Abin da ake nema kenan sau 200.

Ance akwai wani yanayi da jirgi ke faɗawa cikin iskar kansa?

Akwai. In kana saukowa fiye da ƙafa 300 a minti, gudu ya yi ƙasa sosai, kuma inji na ja, farfela na iya shiga cikin iskar da ita kanta ta tura, ƙara jan liba sai ya ƙara nutsar da kai. Yawanci mai saukowa iska na bayansa bai sani ba shi yake kamawa. Tsohuwar dabara ka tura hanci gaba ka nemi gudu, amma tana cin tsayi, a tsauni kuma gabanka dutse ne. Wani matuƙi ɗan Suwizalan, Claude Vuichard, ya yaɗa dabarar zamewa gefe a fita daga cikin iskar, har ana kiranta da sunansa, yanzu makarantu da yawa na koyar da ita.

Mu da bamu taɓa ganin ƙanƙara ba fa?

Kun san ƙura ai, ƙanwarta ce. Sabuwar dusar ƙanƙara in farfela ta buge ta tashi take ta rufe ka ruf, sama fari ƙasa fari, cikin daƙiƙa biyu baka san ko kana tafiya gefe ba. Irin haka ƙura ta yi wa jirgin da ya ɗauko Osinbajo a Kabba ranar 2 ga Fabrairu 2019, lokacin yana mataimakin shugaban ƙasa, jirgin ya kife a wurin sauka, Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, kuma masu bincike ƙurar suka ambata. Maganin kusan ɗaya ne: ka samu wani abu mai duhu kusa da kai, dutse ko sanda ko mutum durƙushe, ka kafe shi da ido, ka sauka ba tare da dogon shawagi ba, in ya ɓace maka ka tashi.

Abin da ƙura ba ta koya maka shine hasken da ba inuwa. In gajimare ya rufe rana, ƙanƙara na zama kamar farar takarda, tudu da rami duk ɗaya, kana iya zata saura mita goma alhali saura ɗaya. Ga kuma ramuka a cikin daskararriyar ƙanƙara da sabuwa ta rufe bakinsu. Ga ƙafar jirgi na nutsewa ta baya wutsiya ta kusa taɓa ƙasa, shi yasa ake ɗaura musu wasu faifai a bayan ƙafafun.

Saukar ƙafa ɗaya irin ta bidiyon nan tana cikin kwas ɗin?

Saukar gangara tana ciki: ƙafar sama ta fara taɓawa, ka kwantar da sanda wajen dutsen, ka sauke ɗayar a hankali kamar mai ajiye ƙwai. Kowane jirgi da iyakar karkatar da littafinsa ya yarda, in ka wuce kuma ƙafa ɗaya ta maƙale, jirgin kifewa yake kafin ka ƙifta ido. Amma jingina ƙafa ɗaya mutane na fita, ko ɗauko mutum da doguwar igiya, wannan horon kamfani ne bayan shekaru.

Wane jirgi ne sarkin tsauni?

A yanzu H125 na Airbus, wanda aka fi sani da tsohon sunansa AS350 B3. Kafin shi Lama ce, Faransawa suka ƙera ta saboda buƙatar Indiya da Nefal, suka ɗauki ƙaramin jiki suka saka masa babban inji, Indiya ta haɗa irinta da sunan Cheetah kuma ita ta daɗe tana yi wa sojojinsu jigila a Siachen, wani yankin ƙanƙara a duwatsun arewacin ƙasar. Ranar 21 ga Yuni 1972 Jean Boulet ya hau da Lama har mita 12,442, injin ya mutu a can sama, ya sauko da iskar da ke juya farfela kawai ya sauka lafiya. Koyo kuwa da yawa a Robinson R44 ko makamancinsa ake farawa don sauƙin kuɗi, kuma ni ina ganin alheri ne, jirgi mara ƙarfi shi ke koya maka tattali. Ka dai kula, farfelar jiragen Faransa da ta Amurka ba gefe ɗaya suke juyawa ba, in ka ƙara ƙarfi, a na Faransa ƙafar dama za ka taka, a na Amurka hagu.

Da gaske an taɓa sauka kan Eberest?

Ƙwarai. Didier Delsalle, matuƙin gwaji ɗan Faransa, 14 ga Mayu 2005, da AS350 B3 da aka cire wa kujeru don rage nauyi, mita 8,848, ya tsaya fiye da minti uku, washegari ya sake komawa. Shi kaɗai ne a ciki. Ceto kuma wani abu ne daban tunda sai ka ɗauko nauyi: a 1996 Madan Khatri Chhetri na sojan Nefal ya ɗauko mutum biyu ɗaya bayan ɗaya daga kusan mita 6,000, a 2010 Daniel Aufdenblatten na kamfanin Air Zermatt na Suwizalan ya ciro mutum uku da igiya daga kusan mita 7,000 a dutsen Annapurna na Nefal, a 2013 Maurizio Folini ya kai mita 7,800 a Eberest.

Jikin mutum fa?

Ƙwaƙwalwa ma inji ce, iska take sha. A dokar Turai in ka wuce ƙafa 10,000 fiye da minti 30 sai da oksijin, sama da 13,000 kuwa dole ne kowane lokaci. Mugun abun shine ƙarancin oksijin ba ya zuwa da ciwo, daɗi ma za ka ji, kana kuskure kana murmushi. Mai shan sigari ya fi saurin kamuwa. Mai mura ya zauna gida, kunne ba zai yafe masa hawa da sauka ashirin a awa ɗaya ba.

Mace za ta iya?

Sosai ma 'yar'uwa. Ba aikin ƙwanji bane, da yatsu ake riƙe sandar.

Nawa ne, kuma wata nawa?

Tsada ce ta gaske, da minti ake lissafin kuɗin jirgi, kuma mai injin tabain, irin na manyan jirage, ya ninka mai fistin irin na mota. Lokaci kuwa yanayi ke yanke shi, kana iya biyan masauki mako guda kana kallon hazo ta taga. Ka tambayi makaranta ko kuɗin malami da na sauka da na mai suna cikin farashin, sannan nisan filinsu da duwatsun, don mintin da ka ɓata a hanya ma kai za ka biya.

Me ya fi kashe mutane a tsauni?

Ba mutuwar inji ba, yadda mutane ke zato. Gajimare da hazo ne, sai wayoyi. Kwarin duwatsun Alps na Turai cike yake da igiyoyin ƙarfe na jigilar katako da ciyawa, ba ka ganin wayar sai dai ka nemi turakunta. Hazo kuwa kowa ya tuna jirgin shugaban Iran Ebrahim Raisi, Bell 212, ranar 19 ga Mayu 2024 a duwatsun arewa maso yammacin ƙasar, rahoton ƙarshe na hukumominsu hazo mai kauri ya ɗora wa. Na Kobe Bryant, ɗan wasan ƙwallon kwando na Amurka, a Janairun 2020 ma matuƙin ya shiga gajimare ne a tsakanin tuddai ya rasa sama da ƙasa. Kwari na ƙara matsewa, gajimare na ƙara saukowa, babban mutum na zaune a baya yana duba agogo, kai kuma kana cewa bari in ɗan ƙara gaba kaɗan. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, amma faɗin haka ga mai gida yafi saukar ƙafa ɗaya wuya, kuma malamin kirki zai gwada ka a nan, ya matsa maka da gangan ya ga ko za ka ce a'a.

In na samu takardar, masu jiragen ceto na Suwizalan irin su Rega ko Air Zermatt za su ɗauke ni?

A'a ɗan'uwa, da sauranka. Rega tun 1952 take aikin ceto, Air Zermatt tun 1968, matuƙansu mutane ne da suka shekara suna jigilar siminti da katako da igiya kafin a basu mara lafiya. Da yawa ma a ƙasa suka fara, suna ɗaura kaya suna zuba mai. Ga yare, Jamusanci ko Faransanci ko Italiyanci, ga takardar izinin aiki.

To mu nan gida ina amfaninta?

Muna da duwatsu ai. Mambila ta haura mita 1,500, Chappal Waddi 2,419, duwatsun Bagzan a Ayar ta Nijar sun ɗara 2,000, Emi Koussi a Tibesti ta Chadi 3,415, dutsen Kamaru ya wuce 4,000. Ka ɗora zafinmu a kan waɗannan lambobin da lissafin da nayi a sama, sannan ka ƙara hazon hunturu da ƙura. Mai kai likitoci ko kayan agaji ko injiniyoyin turakun waya irin waɗannan wuraren aikin tsauni yake, ko lasisinsa ya faɗa ko bai faɗa ba.

Wane kaya zan tafi da su?

Ka sa kayan da za ka iya kwana da su a wurin da kake shawagi a kai, ba na cikin jirgi ba, don in inji ya ƙi tashi a mita 3,000 hita ma ta mutu. Takalmi mai rufe idon sawu, safar hannu siririya wadda za ka ji sanda da ita, baƙin tabarau mai kyau tunda hasken ƙanƙara na ƙona ido, man shafawa na rana ko da kana baƙi kamar ni, ruwa da ɗan dabino a aljihu. Ranar farko da kambas na je, muka sauka kan ƙanƙara malam yace fita ka duba bayan ƙafar jirgin ko ta nutse, na zura ƙafa na shige har gwiwa, haka na ƙarasa awa biyu ina taka feda da jiƙaƙƙiyar safa.